Ni Na Wanke Ƙwaryar Inna

Ni na wanke ƙwaryar, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Gara in faɗi wannan tun farko don kada a yi ta neman mai laifi a wani wuri. Masu laifi suna da yawa a labarin nan, wasu da bindiga, wasu da biro a ofis, amma hannun da ya ƙarasa ɓarnar nawa ne.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yayana, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. A wani ƙauye muka tashi kusa da Damari, a ƙasar Sabuwa. Babanmu ya rasu ina goye, don haka daddawa ce ta raine mu. Ita ce sana'ar Inna, ita ce ta kakarmu. Idan ɗorawa ta nuna, a ɗebo, a fitar da kalwa, a dafa ta yini guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa da kanwa. Inna kuwa hannunta da nauyi a kanwa, kowa ya san ta da haka. Daga nan sai ta juye kalwar da zafinta cikin wata babbar ƙwarya, ta rufe da ganye da buhu, ta kai ƙuryar ɗaki. Kwana uku, wari ya cika gida, daddawa ta kama. Ranar kasuwar Damari, tata ke fara ƙarewa.

Ƙwaryar nan gado ce daga kakarmu. Cikinta baƙi ƙirin, ga maiƙo, ga tsagu biyu da gyartai ya ɗinke tun ban san kaina ba. Ruwa bai taɓa shiga cikinta ba. In an kwashe daddawa, Inna ta goge ta da ganye, ta barbaɗa toka, ta kife. Wata rana ina 'yar yarinya, son a yaba mini ya sa na ɗauko soso na nufe ta. Ban kai ba na ji dundu a baya.

"Wagga ƙwarya ba a wanke ta," in ji Inna. "Randa kika wanke ta, daddawa ta daina kamawa a gidan nan."

Na yi kuka na ƙoshi, na kuma riƙe maganar. Ina so a san na riƙe ta, don kada a ce mantuwa na yi.

Yaya ya yi boko har ya ƙure shi. Ya zama malami a wata jami'a, aka fara ce masa Dakta, daga baya Farfesa. In ya zo gida mata su taru da yara masu zazzaɓi, ya yi ta rantsuwa shi ba irin wannan daktan ba ne. Ni kuwa daktan juji nake ce masa, don da ya sauke jaka sai ya fita da 'yan kwalabe da auduga a kan tsinke, yana ɗibar ƙasa a juji, a turken shanu, a ramin majema. Mutum da rigarsa mai tsada ya tsuguna a bola. Na sha ce masa, "Yaya, don Allah ka bari sai mutane sun tafi gona, kana ba mu kunya." Dariya kawai yake yi, shi ba mai yawan magana ba ne.

Wani zuwan da ya yi, ina budurwa lokacin, ya nemi Inna ta ɗauko masa ƙwaryar. Ya sa tsinkensa ya shafo cikinta, ya bi ta kan ɗinkin a hankali.

Inna ta ce, "Mi kake nema a ciki?"

Ya ce, "Ma'aikatanki, Inna."

Ya zauna ya yi mata bayani. Ya ce akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune a jikin ƙwaryar, su ne ke shiga kalwa su tausasa ta har ta zama daddawa. Ya ce suna fitar da wani sinadari da ake kira inzayim, shi ne wuƙarsu, da shi suke yanka abu mai tauri. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To, ka gaishe su, ka ce na gode." Ina nan zaune a kan tabarma ina tsefe kaina. Da kunne ɗaya na ji, ya fita ta ɗayan, don a lokacin abin da ya dame ni shi ne ko kitso zai samu kafin la'asar.

Abin da ya ɗauka ran nan shi ya zama aikin rayuwarsa. Cikin halittun da ya raina daga ƙwaryar ya sami wani iri da bai taɓa samu a ko'ina ba. Sinadarin wannan irin yana tuɓe gashi daga jikin fata tas, ba tare da farar ƙasa da maganin nan mai wari da ke cin hannun majema yana ɓata ruwan unguwa ba. Ga shi zafi ba ya kashe shi, kanwa ba ta dame shi, tunda a cikin kanwar Inna ya tashi. Sama da shekara ashirin Yaya yana kan abin nan. Ɗalibai sun yi ta samun digiri a kansa, yau wasunsu manyan malamai ne a jami'o'i, wasu suna ƙasashen waje. An gayyace shi ƙasashe masu sanyi, muna da hotonsa cikin wata ƙatuwar riga kamar bargo. A rubuce-rubucensa sunan ƙauyenmu ya laƙaba wa irin. Mutanen waje sun roƙe shi ya ba su su ajiye a wajensu, ya ƙi. Ya ce sai majeman ƙasarmu sun fara amfana, don ya san in ya fita, a kwalba za a dawo mana da shi mu saya. Taurin kai ne, gadonmu ne, ni ma ina da shi.

Ya taɓa kawo wa Inna takalmi na fatar da aka jeme da abin nasa, laushi kamar auduga. Ba ta taɓa taka ƙasa da shi ba, a akwati ta ajiye, tana nuna wa baƙi.

Ni kuma aure ya kai ni Ƙanƙara, na yi karatun koyarwa, na kama aiki a firamare. Sai daji ya ɓaci. Da shanu aka fara, muka ce ɓarayin shanu ne. Aka koma ɗibar mutane, aka koma hana noma sai da izinin masu bindiga. Ƙauyenmu ya riƙa zubewa gida-gida. Na aika wa Inna ya fi a ƙirga, Yaya ya turo mota har Sabuwa, ta ce ba inda za ta. Sai da aka wayi gari ba wanda zai ɗebo mata ruwa, ba wanda za ta ce wa ina kwana, sannan ta hau bayan babur. Ta iso gidana ta bar gado, ta bar tukwane, ta bar akwatin takalmin nan. Abin da ta riƙo kawai ƙwaryar ce, naɗe a cikin zane.

Na ce, "Haba Inna, duk kayan gidan nan ki rasa abin ɗaukowa sai wannan tsohuwar ƙwarya?"

Ta ce, "Sauran ana saye a kasuwa."

Damina biyu ta yi a wajena, ba ta ƙara yin daddawa ba. Ɗorawa tana daji, wa zai shiga? Ga gwiwa ta ƙi, ga zuciya ta karye. Ta rasu da rana tsaka, ranar wata Laraba, Allah ya jiƙanta. Yaya ya zo aka yi zaman makoki ya koma. Bai tambayi ƙwarya ba, don a lokacin nasa irin yana nan lafiya a firiza a ɗakin bincikensa. Ni kuma na rataye ta a ɗakin ajiya, cikin zanen da ta zo da ita, na bar ta nan.

Abin da ya faru da shi bayan haka, daga bakin matarsa na ji, kuma sai da aikin gama ya gama. An yi wani dogon yajin aiki, aka rufe jami'ar, wuta ta ɗauke, ba man inji. Ya kwaso abin da zai iya ya kai firjin gidansa, nan ma wutar unguwa ta lalace makonni. Ya riƙa sayen ƙanƙara yana zubawa a kula. Da aka buɗe makaranta ya je ya tarar da rufin ɗakin binciken ya yi yoyo, firizar ta zama tafki. Ya yi ta ƙoƙarin tayar da irin. Wasu sun mutu, sauran kuma wasu ƙwayoyin sun shiga cikinsu sun cinye su. Abin takaici, a daidai lokacin ne wani kamfanin jima ya yarda zai gwada abin nasa, bayan shekarun da ya yi yana bin su. Ga shi saura kaɗan ya ajiye aiki. Duk duniya wuri ɗaya ya rage da yake sa ran samun irin nan, shi ne ɗakin ajiyata. Ya san halittun nan suna iya yin barci shekaru a cikin tsagar ƙwarya, ba ci ba sha, sai an tashe su.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani, wata Talata bayan la'asar wayata ta yi ƙara.

Bayan gaisuwa Yaya ya ce, "Ƙwaryar daddawar Inna tana wajenki?"

Na ce, "Tana nan rataye."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ina nan tafe ran Asabar."

Shi ke nan, ya kashe waya. Na ji muryarsa tana rawa, na ce a raina kewar Inna ce ta taso masa. Na san halin 'yan boko, in sun tsufa sai su riƙa rataye faifai da ludayi a bangon falo suna nuna wa baƙi. Na ɗauka abin da zai yi da ita ke nan.

Na shiga na sauko da ita. Yanar gizo ta lulluɓe zanen, ga kashin ɓera, ga wani tsohon wari. Na tsaya ina kallonta. A wajenmu ko kwanon maƙwabciya ba a mayarwa sai an wanke, balle abin da za ka miƙa wa babba hannu da hannu. Farfesa guda zai shigo gidana da direbansa, maƙwabta suna leƙe, in ɗauko masa wannan baƙin abu? A ce ƙanwarsa malamar makaranta, mai koya wa yara wanke hannu da sabulu, ta bar kayan uwarta cikin ƙazanta? Maganar Inna ta faɗo mini, wallahi ta faɗo mini, har na ji kamar dundun a bayana. Sai na ce wa kaina ai wannan doka ta masu yin daddawa ce, mai daddawa kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Ni kuma in zan yi aiki ba na yin rabi. Na tafasa ruwa na jiƙa ta. Na bi ta da garin sabulu da soso, na bi da yashi. Baƙin ya ƙi fita, na sa wuƙa na kankare. Na haɗa ruwan bilic mai ƙarfi, irin na wanke fararen kaya, na tsoma ta ta yini a ciki, har da zanen. Washegari na kai ta wajen gyartai, ya farke tsohon ɗinkin, ya jefa baƙin zaren a cikin garwashin da ke gabansa, ya sa sabo. Na shanya ta a rana kwana biyu. Ta fito fes, har wani ɗaukar ido take yi. Maigidana ya gani ya ce, "Kai, kamar ba ita ba." Na ji daɗin maganar ƙwarai.

Ran Asabar Yaya ya biyo ta Mairuwa. A Sheme suka tsaya tun hantsi, suna jiran motoci su taru a bi hanyar Ƙanƙara a ayari, don kwanakin nan ba mai bin ta shi kaɗai. Dattijo mai furfura, mai hawan jini, ya sa ransa a hanyar nan saboda ƙwarya. Bai iso ba sai bayan azahar. Na kawo ruwa da fura, ya ce in bari tukuna. Ya buɗe wata 'yar kula da ya shigo da ita, ya fito da kwalabe da tsinken auduga, ya fara sa safar hannu. Ina ganin safar nan na san ba don ya rataye ta a bango ya zo ba.

Ba yadda zan yi. Na shiga ɗaki na ɗauko ta a kan faifai na ajiye a gabansa.

Ya dube ta ya dube ni. Ya ce, "Ba wannan ba. Ta Inna."

Na ce, "Ita ce, Yaya."

Ya ɗaga ta, ya juya, ya kai hancinsa ya shinshina. Ya daɗe a haka.

"Da me kika wanke ta?"

Na faɗa masa, tun daga ruwan zafi har bilic.

"Ɗinkin fa?"

"Sabo ne."

"Ina tsohon zaren?"

"Ya ƙone."

"Zanen da aka naɗe ta?"

Na nuna masa igiyar shanya. Yana can ya koɗe, iska tana kaɗa shi.

Ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya jingina da bango. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sannu da aiki." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake yi, halina ne tun ina yarinya. Na miƙe tsaye a kansa.

Na ce, "Ai sai ka faɗa. Baki gare ka. Kalma nawa ce ka ce kar ki wanke? Ka iya tsayawa gaban Turawa ka yi awa guda kana bayani, ƙanwarka ce ba ta isa ka yi mata ba? Mu jahilai ne, sai dai mu dafa maka tuwo?"

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ke ɗiyar mai daddawa ce. Ban zaci sai na faɗa miki ba."

Na ce, "Yaushe ka taɓa gaya mini abin da ke cikinta?"

Ya ce, "Na faɗa a gaban Inna. Kina nan, kina tsifa."

Na zauna a dandaryar ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Inna, shi kuma yana ta ba ni haƙuri, kamar shi ya yi mini laifi.

Duk da haka ya shafi ƙwaryar da tsinkensa, ciki da baya da bakin tsagun. Ya shafi ƙusar da na rataye ta, ya kankari bangon wurin. Ya tambayi maigidana ko akwai yadda za a kai shi ƙauyenmu, ko da ƙasar ƙuryar ɗakin Inna ya ɗebo. Maigidana ya ce masa ɗakunan an ƙone su, kuma mutanen dajin a nan suke sauka yanzu. Bai haƙura ba. A hanyar komawa ya ratsa Faskari ya nemi 'yan acaɓa, daga baya ya aika Sabuwa, ba wanda ya yarda ya kai shi ko ya je masa. Ƙwaryar kuwa a gidana ya bar ta, ya ce ba abin da zai yi da ita.

Wata uku ina jiran waya. Da ya kira ya ce abubuwa sun tsiro a kwalabensa, iri-iri, amma halittar da yake nema ba ta ciki. Kamfanin ya gaji da jira ya kama gabansa. Shekara ta zagayo Yaya ya ajiye aiki, ɗalibansa suka yi masa walima, suka yi ta yabonsa. Har yau, in ji matarsa, masu bincike a wurare masu nisa suna ambaton aikinsa, suna rubuta sunan ƙauyenmu. Wasu su rubuto suna neman irin, sai ya amsa musu cewa babu. Ƙauyen babu kowa, irin babu shi, majema suna nan da hannuwansu a tsattsage kamar yadda ya same su. Bai ƙara tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, ni kuma ba ranar da ba ta zo mini.

Abin da na iya yi shi ne na koma daddawa, ni da na tsani warinta ina yarinya. Na sa aka sayo mini kalwa a Sheme, na bi yadda na ga Inna tana yi, na cika kanwa kamar ita. Na juye a ƙwaryar na rufe. Ta farko ta ruɓe, ta biyu ma haka, sai da na zubar da mudu da yawa kafin ta fara kamawa. Tunanina shi ne, tunda daga wani wuri halittun nan suka zo suka shiga ƙwaryar kakarmu, ƙila su sake zuwa. Ban ƙara bari ruwa ya taɓa ta ba. Cikinta ya fara duhu.

Duk wadda na yi sai na ƙulle 'yar kaɗan, da ɗan ganyen da na goge ƙwaryar, in ba direban mota ya kai wa Yaya. Shi kuma ya ba wani tsohon ɗalibinsa ya duba. Bayan makonni sai ya kira ya ce, "Ba ita ba ce, amma ki ci gaba." Haka muka yi ta yi, na kai shekara biyu ina aikawa, yana ce mini ba ita ba ce. Ba daɗi jin haka, amma ko ba komai na san ana dubawa.

Watan jiya na aika da wata. Kwana biyu kacal sai ga wayarsa. Na yi mamakin saurin, na ɗauka.

Na ce, "Yaya, an duba?"

Ya ce, "Ta iso. Ta yi daɗi ƙwarai, mun sa a miyar kuka."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya tambayi lafiyar maigidana da yara, ya ce in gaishe su, muka yi sallama. Na zauna riƙe da wayar a tsakar gida. A kan murhu kuwa akwai wata kalwar da na ɗora tun safe, tana ta tafasa, na rasa ko in ƙara mata itace ko in sauke.